Katunan Ɓatanci da Gidan Mis Odessa

Ku jikokina, na san kun taso kuna jin cewa a shekarar da uwarku ta tsaya takara, ni da na haife ta na ƙi tsaya mata. Babanku ya taɓa faɗa a gabana cikin raha, amma raha ce mai ƙashi a ciki. Matan cocinmu kuma nasu labarin daban, wai tsoron kora daga aiki ne ya rufe mini baki. Kowanne da 'yar gaskiyarsa. Tun da Ubangiji ya ja kwanana har kun yi girman tambaya, gara ku ji daga bakina yadda abin ya tafi, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfani ne ke tura mu, a ba ka adireshi da makulli, ka je ka yi wa tsoho wanka, ka dafa masa abin da likita ya yarda, ka ba shi magani, ka zauna da shi har mai canjinka ta iso. A katin da nake ratayawa a wuya an rubuta Sarah, domin Saratu ya yi wa bakinsu nauyi, ni kuma ban taɓa damuwa in gyara ba. Gidan da na fi daɗewa a cikinsa shi ne na Mis Odessa a unguwar East Greensboro, ƙaramin gidan jan bulo mai baranda da lilo a gaba. Baƙar fatar ƙasar nan ce, ta ƙare rayuwarta tana koya wa yara kiɗan fiyano, kuma ita ke kaɗa wa cocinsu har yatsunta suka gaji. Lokacin da na same ta mantuwa ta riga ta ci rabin kanta. Takan tambaye ni sunana da safe, ta sake tambaya da rana, amma in aka zaunar da ita gaban fiyano waƙoƙin sujada suna nan a hannunta, ba ta tuntuɓe ko kaɗan. Ɗa ɗaya gare ta. Ba zan rubuta sunansa ba. Dikin ne a cocinsu, wato mai muƙamin hidima a ƙarƙashin fasto, kowa Dikin yake kiransa, mu ma haka muka riƙe. Mutum ne mai tsafta da fara'a, yana sana'ar inshora. Yakan zo ranar Asabar da hantsi da abinci a kwano, ya sumbaci uwarsa a goshi, ya kwashe wasiƙunsa daga kan teburi, ya tafi. Ainihin gidansa yana arewacin gari kusa da tafki, can yake zaune da matarsa. A gidan uwarsa akwai ɗakinsa na yarinta, da kwat guda a rataye, da gado wanda nake kakkaɓewa duk mako ban taɓa samun alamar an kwanta a kansa ba. Ita kuwa Mis Odessa, a ranta yaron yana makaranta ne, yanzu zai dawo. Kullum kafin in tashi sai ta sa na jera faranti biyu a teburi.

Na taɓa ba kakanku labarin faranti biyun nan, domin ya taɓa mini zuciya. Hira ce ta miji da mata bayan cin abinci, ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Uwarku Rifkatu tana 'yar firamare muka taho da ita daga Wusasa. A nan ta yi karatu, ta zama malamar makaranta, ta auri babanku, ta ɗauki sunan gidansu, suka sayi gida a gabashin gari. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Abin da ya kai ta siyasa ba wani dogon buri ba ne. Yaran ajinta ne ke gyangyaɗi a kan teburi saboda iyayensu na can suna aiki har dare a rumbunan ajiyar kaya inda bas ba ta kaiwa a kan lokaci, ga haya na tashi, iyalai na kwashe kaya a tsakiyar zangon karatu, yaro ya ɓace daga aji ba sallama. Ta yi ta zuwa taron majalisar gunduma tana magana a ɗan lokacin da ake ba kowa, har suka san muryarta. Da mai riƙe da kujerar yankinsu ya ce ya gaji zai sauka, sai ta ce za ta nema. A wannan yanki jam'iyya ɗaya ce ke ci, saboda haka duk wanda ya yi nasara a zaɓen fidda gwani na watan Maris ya gama samun kujera. Kakanku ya yi murna har ya sa aka kawo masa sabuwar hula daga gida. Ni addu'a na yi, don na san halin siyasa tun a can.

Wata safiya na isa wurin aiki na tarar da allon kamfen a kafe a ciyawar gaban gidan Mis Odessa, ga hoton Dikin yana murmushi. Kujerar da uwarku ke nema ita yake nema. Doka ta ce sai mazaunin yanki ne zai wakilci yankin, shi kuma adireshin uwarsa ya bayar. Na tsaya da makulli a hannu ina kallon allon, sannan na shiga na ɗora ruwan shayi.

Na yi niyyar roƙon kamfani su canza mini gida. Wadda ta hana ni ita ce Hajiya Ramatu, mai karɓar aikin yamma daga hannuna, 'yar zongon Kumasi, da irin Hausarsu mai ce wa mace "shi". Muna tsaye a kicin ta ce da ni:

"Anti Saratu, tsohon nan ba ya cin abinci a hannun baƙo. Kin manta yadda ya rame kafin ya saba da ke? Ke ki yi aikinki, siyasa ya yi nashi."

Sai na zauna. Na gaya wa kakanku, muka shirya kada Rifkatu ta sani, don kada mu ɗora mata wani nauyin a kan wanda take ɗauke da shi. Shi kuma Dikin bai san komai ba. Da sunan gidan mijinta take takara, ni kuwa bai taɓa tambayar sunan gidanmu ba.

Da farko abin ya tafi lafiya. Kowa na ƙwanƙwasa ƙofofi, kowa na zagaya coci-coci. Uwarku ta fi Dikin ƙafa, kuma iyayen yara sun san ta. Ina jin da ya ga ta fara cim masa ne katunan suka soma fitowa. A ƙasar nan ba mawaƙi ake ɗauka ya yi maka zambo a dandali ba. Kati ake bugawa mai faɗi mai sheƙi, a saka wa kowane mai ƙuri'a a akwatin wasiƙunsa, tsakanin takardar wuta da tallar kanti. Ba a sa shi a ambulan, saboda ko shara za ka kai shi sai idonka ya karanta a hanya. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sai a rubuta sunan wata ƙungiya da ba wanda ya taɓa jin ta. Na farko hoton uwarku ne da aka ɗauka tana magana a taro, baki a buɗe, an dusashe launin har ta yi kama da mai neman faɗa, aka rubuta cewa so take ta ƙara wa mutane haraji. Na biyu tambaya ya yi ko ta san unguwar da take son wakilta, ya ambaci ƙasar da aka haife ta, bai dai ce laifi ne ba. Uwarku ta yi dariya ta manna shi a jikin firij. Na uku ne ya taɓa mu har cikin ɗaki.

Muna da wani ɗan gida a unguwar Glenwood a lokacin, ba lalle ku tuna shi ba. Shi ne gidan farko da muka mallaka a ƙasar nan, da guminsa na tuƙin motar ɗaga kaya a rumbu kakanku ya saye shi. Da muka koma kusa da titin Wendover saboda gwiwarsa ta daina son matakala, sai ya ba ɗalibai haya. Shi da kansa yake gyara musu famfo, yake yanke ciyawa, in na soya ƙosai har ya kai musu. Shekarar da ta gabaci zaɓen guguwa ta karya reshe a kan rufin, aka lulluɓe wurin da shuɗin tampol ana jiran 'yan inshora, jami'in duba gidaje ya zo ya manna takarda a ƙofa. An gyara tuntuni. Amma wani ya samo hoton lokacin tampol, aka cika kati da shi, aka sa cikakken sunan kakanku, aka rubuta cewa ga irin gidan da iyalin 'yar takara ke zuba 'ya'yan mutane a ciki. Babu kalma ɗaya a katin da lauya zai kama ya ce ƙarya ce. Gidan nasa ne, tampol ɗin an lulluɓa, takardar ma an manna.

Mu ba a yankin muke zaune ba, don haka ba a aiko mana ba. Ni na fara ganinsa, kuma a gidan Mis Odessa. Kwalaye na tarar a ƙarƙashin teburin cin abinci, ragowar katunan da masu yi wa Dikin kamfen za su raba ƙofa-ƙofa. Nan na gane ƙungiyar da ba wanda ya sani da shi Dikin ɗanjuma ne da ɗanjummai. Mis Odessa ta riga ta zaro ɗaya tana fifita da shi. Da na zaunar da ita za ta karya kumallo sai ta tsaya ta ƙura wa hoton ido.

"Allah sarki, gidan wa ne wannan? Ya kamata 'yan coci su je su taimaka musu da rufin kafin ruwa ya sauko."

Na ce mata an riga an gyara. Ta ce to madalla, ta ci gaba da fifita. Na ba ta kokonta na hatsi cokali-cokali, sunan mijina yana kai-komo a gaban fuskarta.

Ban gaya wa kakanku ba. Ranar Lahadi bayan sujada wani ɗan'uwa a coci ya miƙa masa katin a ninke, wai don kada ya ji a bakin waje. Kakanku dattijon coci ne a lokacin, a layin gaba yake zama, mutum ne da duk abin da ya tara a duniya sunansa ne. Ya karanta a tsaye, ya sa a aljihu, ya kai ni gida, ya ce zai ɗan fita. Daga baya ɗaya daga cikin ɗaliban ya gaya mini ya gan shi ta taga a tsallaken titi, ya daɗe yana kallon sabon rufin, bai shigo ba. Da ya dawo bai ci abinci ba. Cikin makon nan, ba tare da ya shawarce ni ba, ya kira Rifkatu ya gaya mata inda nake aiki da abin da na sani.

Lahadin da ta biyo baya suka zo gidanmu da rana, ita da babanku da manajar kamfen ɗinta, wata mata 'yar garin nan mai ladabi, wadda ta ci tuwon da na yi da cokali ta yaba miyar kuka ko da yake na ga ba ta sauka mata daidai ba. Ku kuna ɗaki an kunna muku talabijin. Matar ta yi mini bayani a hankali. Lokacin kai ƙara hukumar zaɓe a kan mazaunin ɗan takara ya wuce. Sun je wa maƙwabtan Mis Odessa, babu wanda ya yarda ya buɗe baki, saboda rabinsu Mis Odessa ce ta koya musu kiɗa. Lauya ya ce kada su buga komai sai da shaida mai suna da fuska. Sannan ta buɗe kwamfuta ta juyo mini da ita. Sun riga sun tsara katin. Ga gidan jan bulo, ga baranda, ga lilo, an rubuta tambaya a sama: wa ke kwana a nan? A gefe an bar fili mai kusurwa huɗu inda hotona zai shiga, da layi ɗaya da zan ce na yi shekaru ina aiki a gidan ban taɓa ganin ya kwana ba.

Na ce musu wannan amana ce. Rifkatu ta amsa da Hausa, ita da ba kasafai take yi mini doguwar Hausa ba.

"Mama, ba ƙarya na ce ki yi ba. Su rabin gaskiya suka buga a kan Baba, ni cikakkiya nake nema. Mutumin nan unguwa guda yake yaudara, kuma ke kaɗai ce za ki faɗa a yarda."

Na sake cewa amana ce.

"Amanar wa? Tasa ko tawa?"

Babanku ya yi magana mai tsawo da Turanci a kan haƙƙin masu zaɓe su san gaskiya, kuma ban ga inda ya yi kuskure ba. Kakanku yana zaune a kujerarsa bai sa baki ba sai da za su tashi, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Saratu, sunana ne a kan katin nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a duk maganar, daga farkonta har ƙarshenta. Na roƙi a ba ni zuwa tsakiyar mako, don manajar ta ce bayan nan ɗab'i ba zai kai ga akwatunan mutane kafin zaɓe ba.

Zan gaya muku abin da na auna, ba tare da na gyara shi ya yi kyau ba. Na ji tsoron aikina, gaskiya ne. Mun sa hannu a kamfani cewa abin da muka gani a gidan tsoho ba ya fita, kuma da hotona ya bayyana a kati da babu kamfanin da zai sake ba ni makullin kowa. Amma shekaruna sun riga sun kusa ajiye aiki, kuma da wannan ne kaɗai da na yi ta maza. Na kuma yi tunanin abin da zai biyo baya. 'Yan jarida za su zo bakin baranda. Dikin zai kore ni a ranar, wataƙila har da Hajiya Ramatu. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya kai uwarsa gidan tsofaffi, ya kwaso jakarsa ya kwana a gidan har zaɓe ya wuce, ya ce wa duniya ga shi nan. Ban tabbata haka zai yi ba, amma na ga an yi wa wasu tsofaffin haka a kan dalilin da bai kai wannan ba, kuma na ga yadda mai mantuwa ke narkewa in aka raba shi da bangon da ya sani. A ɗaya gefen kuma ga 'yata, wadda ta fi shi cancanta a idona, ga mijina da aka ci wa mutunci, ga yaudara da na sani sarai yaudara ce. Na kai maganar gaban Ubangiji, ban ji wata murya ba. Fastonmu ban je masa ba, don na san duk abin da ya ce rabin coci za su ji.

Ranar Talata na yi wa Mis Odessa wanka kamar kullum. Ta zauna a kujerar roba cikin baho, ta ɗaga hannuwa kamar yarinya in cuɗa mata, tana rera wani abu a hanci. Mace ce da a zamaninta ba ta fita ko baranda sai da safar hannu da hula, ga ta tsirara a hannun baƙuwa daga wata nahiya, ba ta ma san sunanta ba, kuma ba ta jin tsoron komai. Ita ba ta ba ni makulli ba, ba ta sa hannu a wata takarda ba, ba ta san ana zaɓe ba. Duk abin da na sani a kan ɗanta ta ƙofar wannan bahon na san shi. Ina tsane mata baya na ga ba zan iya ba. Ba wani tunani mai zurfi ba ne, kamar dai yadda hannu ke ƙin taɓa garwashi.

Washegari da aka tashi makaranta na je na jira Rifkatu a wurin ajiye motoci. Ta fito da jakar littattafai a kafaɗa. Na ce mata ba zan yi ba, na fara kawo dalilai, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta gode mini da Turanci da na zo da kaina, irin godiyar da take yi wa iyayen yara bayan taro, ta shiga mota ta tafi.

Katin bai fita ba. Suka buga wani a madadinsa, da hotonta cikin yara, mai kyau, wanda na tabbata yawancin mutane ba su karanta ba. Ranar zaɓe na ɗauki hutu na tsaya a bakin wata rumfa da allonta a hannu, ana yayyafi mai sanyi. Ba ni da ƙuri'a a yankin, abin da nake da shi ke nan. Wata mata ta tsaya ta dubi allon ta tambaye ni ko wannan ce 'yar mai gidan tampol. Na ce ita ce. Uwarku ta faɗi, da ratar da ba ta da yawa. Manajar ta ce da katin ya fita da labari ya sha bamban. Wasu suka ce da ba abin da zai canza, mutane sun san Dikin tun yana yaro kuma sun san inda yake kwana. Ba wanda zai iya tabbatarwa.

Bayan nan Rifkatu ta daina zuwa cin abincin Lahadi. Babanku ke kawo ku ya dawo ya ɗauke ku. Ba gaba muka yi ba. Tana kira ta tambayi maganin Babanta, tana aiko da kyautar Kirsimeti, in mun haɗu a taro ta durƙusa ta gaishe ni yadda na koya mata. Hirar ce ta ɗauke. Kakanku ya sauka daga dattijon coci, ya ce gwiwa ce, ya koma zama a layin baya kusa da ƙofa. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da gidan Glenwood. Bai taɓa ce mini na yi laifi ba, bai kuma taɓa ce mini na yi daidai ba, har ya koma ga Ubangiji. Dikin ya hau kujera. Don in yi masa adalci, ya sa an gyara wasu tituna an kafa fitilu, kuma ya yi ƙoƙari a kan asibitin unguwa. Maganar bas da haya ba ta dame shi ba. Kwat ɗinsa ya ci gaba da zama a rataye a ɗakin yarinta, ni kuma na ci gaba da kakkaɓe gadon.

Mis Odessa ta rasu a gidanta, a gadonta, a kakar shekara ta biyu, Hajiya Ramatu na riƙe da hannunta. A lokacin an yi mini aikin ido, likita ya hana ni tuƙi, kakanku kuma yana kwance. Ina neman wanda zai kai ni jana'iza sai ga Rifkatu ta kira ta ce za ta zo ta ɗauke ni. Ban san wa ya gaya mata ba. A hanya maganar ido muka yi da ta makarantarku. Da muka isa cocin ta ce za ta jira a mota.

Cocin ya cika. Waɗanda ta koya wa kiɗa suka riƙa hawa fiyano ɗaya bayan ɗaya, wasu da furfura. Dikin ya yi jawabi ya yi kuka, kuma kukan gaskiya ne, na san bambanci. Da aka fito yana tsaye a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a. Da layi ya zo kaina ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ni mala'ika ce da Allah ya aiko wa uwarsa, ba zai taɓa iya biyana ba. Sannan ya ɗan sunkuyo ya rage murya, ya ce baɗi yana shirin neman kujera mafi girma, ta gunduma baki ɗaya, ko ina zaune a wane gefe yana fatan zai samu ƙuri'ata da ta iyalina. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, na wuce.

Na shiga mota, Rifkatu ta tayar. Ashe ta hango ni da Dikin ta madubi. Sai da muka hau babban titi ta tambaye ni me ya ce. Na gaya mata kalma da kalma, har da iyalin. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ba a iya tsayarwa, har ta kunna fitilar gefe ta sauka a bakin wani gidan mai ta kifa kai a kan sitiyari. Ni ma na yi, idona mai ɗinki yana zafi. Da ta lafa ta share fuskarta da bayan hannu, ta zauna tana kallon motoci na wucewa.

"Mama, kin san da kin yi magana da na ci."

"Na sani."

"Kuma in yau ne ma ba za ki yi ba."

"Ba zan yi ba."

Ta gyaɗa kai, ta duba madubi, ta mayar da motar kan titi. Da muka iso gida ba ta ajiye ni a ƙofa ba. Ta kashe injin, ta zagayo ta kama hannuna saboda idon, ta shigo ta duba Babanta, sannan ta wuce kicin ta buɗe tukunya ta ga abin da ke ciki.